Tarihin CPC: Yadda Aka Fara Biyan Kuɗin Talla Da Dannawa

Yau ba maganar gyaran waya ba ce, tarihi na kawo muku, amma tarihin da ya shafi aljihu.

Makon jiya wani Alhaji mai fataucin albasa daga Aliero ya kawo wayarsa shagona nan Kimba in canza masa gilashi. Da na gama sai ya ce, "Ɗana, duba min nan." Ashe ɗansa ya sa masa talla a Facebook da naira 10,000. Sakamakon ya nuna mutum 200 sun danna, a gefe kuma an rubuta CPC 50. Ya ce, "Wannan hamsin ɗin ta mece ce, wa na ba?" Na ce, "Alhaji, raba dubu goma gida ɗari biyu." Ya yi shiru, sannan ya ce hamsin. Na ce to ita ce, duk wanda ya danna tallarka naira 50 ya tsaya maka. Haruffan CPC gajarce Turanci ne, ma'anarsu kuɗin kowace dannawa.

To wa ya ƙirƙiro wannan lissafi?

Da farko talla a intanet irin ta mai shela ce. Ka biya shi ya zaga gari da lasifika, ko an saya ko ba a saya ba shi dai ya karɓi nasa. A watan Oktoban 1994 wani shafi a Amurka mai suna HotWired ya fara sayar da fili ga kamfanoni su liƙa hoton talla, cikinsu har da kamfanin waya na AT&T. Daga nan aka saba biyan kuɗi bisa yawan nunawa, duk nuni dubu kaza ne, wato abin da ake kira CPM. Matsalar ita ce an nuna ba ya nufin an kalla. A 1996 kamfanin Procter & Gamble, masu Ariel da Pampers, suka sa Yahoo ta yarda su biya kawai idan an danna.

Amma wanda ya mai da abin kasuwa shi ne Bill Gross, mai kamfanin Idealab a garin Pasadena na jihar Kaliforniya. A 1998 ya buɗe shafin bincike mai suna GoTo.com. Dabararsa gwanjo ce. Idan kana sayar da takalmi, sai ka taya kalmar "takalmi", ka ce zan biya kaza idan mai nema ya danna sunana. Wanda ya fi tayi shi ne a sama. Ana iya farawa da santi ɗaya, kuma idan ba a danna ba ko sisi ba za ka biya ba. Ni abin ya fi min kama da ɗan kamasho a tashar Jega: ba kururuwarsa ake biya ba, fasinjan da ya kawo bakin mota ake lissafawa. Mutane da yawa lokacin sun ga abin kamar cin amana ne, a ce mai kuɗi ne zai zo farko a sakamakon bincike. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa suka yi caa a kai, don karon farko sun san inda kuɗinsu ke zuwa. A 2001 aka canza sunan zuwa Overture, a 2003 Yahoo ta saye shi kan dala biliyan 1.63.

Google ta fito da nata, AdWords, a Oktoban 2000 da masu talla 350, kuma ita ma da lissafin nunawa ta fara. Sai a Fabrairun 2002 ta koma biyan dannawa, da wani ƙari wanda shi ne ya kayar da kowa. Ku natsu a nan, don har yau a kansa ake tafiya. Ba yawan tayi kaɗai take dubawa ba, tana duba yadda mutane ke son danna tallar. Misali, Audu ya taya naira 100 amma cikin mutum ɗari mutum ɗaya ne ke dannawa. Bala ya taya naira 60 amma mutum uku ke dannawa. Tallar Audu ta kawo 100, ta Bala ta kawo 180. Wa za a sa a sama? Bala mana, duk da ya fi ƙarancin tayi. Sannan ba dukan abin da ka taya ake cira ba, sai iya abin da zai isa ka wuce na bayanka. Overture ta kai Google kotu a 2002 kan cewa fasaharta ce, a 2004 aka sasanta, Google ta ba Yahoo hannun jari miliyan 2.7.

Shi ya sa CPC ba shi da tsayayyen farashi kamar katin waya. Kamar albasa ne, ranar da masu saye suka yi yawa buhu ya tashi. Idan 'yan kasuwa da yawa na neman idon mutane iri ɗaya, dannawa ta yi tsada. Idan hotonka dishi-dishi ne ba mai tsayawa ya kalla, nan ma ta yi maka tsada.

A 2003 Google ta kawo AdSense, inda mai shafi zai ba da fili a sa talla a raba kuɗin da shi. Nan ɓarna ta shigo, don tunda dannawa ta zama kuɗi, sai wasu suka fara dannawar ƙarya, wasu da hannu wasu da manhaja, wani ma don ya ƙarar da kuɗin abokin gasarsa. A 2006 Google ta amince da sasancin dala miliyan 90 a wata ƙara da masu talla suka shigar a jihar Arkansas kan wannan. Samarinmu masu buɗe shafi suna turawa a guruf suna cewa "ku taya ni dannawa", ku sani tarihin nan ne ya sa ake rufe asusu ba ɗaga ƙafa. Kuma tun farkon 2024 AdSense ta koma biyan masu shafi bisa nunawa, don haka wahalar ma ta banza ce.

Facebook ta buɗe nata tsarin talla a Nuwamban 2007, shekara shida bayan layin MTN da Econet sun fara aiki a Najeriya a 2001. Bambancinta da Google shi ne, a Google mutum ne ya zo nema da kansa, a Facebook kuwa yana cikin kallon hotunan biki ne ka tare shi. Ita ba kalma ake tayawa ba, mutane ake tayawa: 'yan wane gari, shekara nawa, me suke so. Kuma sau da yawa kuɗin nunawa take cira, CPC ɗin da kake gani lissafi ne da aka raba daga baya, kamar yadda muka raba da Alhaji. Ga masu talla daga Najeriya, tun Janairun 2022 akwai harajin VAT na kashi 7.5 a kai, ku riƙa sa shi a lissafi.

Mu koma kan Alhaji. Na tambaye shi cikin ɗari biyun nan mutum nawa suka kira shi. Ya ce tara. Nawa suka saya? Biyu. Ka ga kowane mai saye naira 5,000 ya tsaya masa, ba hamsin ba. Ga mai sayar da albasa mota-mota wannan ba komai ba ne, amma da mai sayar da cajar waya ce irina, da an yi asara. Da muka buɗe saitin sai muka ga yaron ya bar tallar a buɗe ga duk Najeriya, daga ɗan shekara 18 har sama, 'yan makaranta ma suna ta dannawa don ganin hoton buhuna. Muka taƙaita ta zuwa Legas da Ibadan da Onitsha inda masu sarinsa suke, muka ɗaga shekarun zuwa 30, muka sa maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinsa kai tsaye. Na gaya masa kada ya firgita idan ya ga hamsin ɗin ta haura ɗari, ya dai riƙa rubuta yawan masu kira a littafinsa. Ya ce zai dawo bayan sati biyu mu sake rabawa.