Ƙaunar Allah da Hukuncinsa a Cikin Wa'azi

Littafi Mai Tsarki ya bayyana Allah a matsayin mai ƙauna, ya kuma bayyana shi a matsayin mai shari'ar dukan duniya. Aikin mai wa'azi shi ne ya sanar da ikilisiya waɗannan biyun yadda suke a rubuce. Manzo Bulus, da yake sallama da dattawan ikilisiyar Afisa, ya ce alhakin jinin kowa ba ya wuyansa, domin bai ɓoye musu komai daga nufin Allah ba (Ayyukan Manzanni 20:26-27). Ma'aunin da kowane fasto, mai bishara da malamin makarantar Lahadi zai auna kansa da shi ke nan.

Abin da Nassi ya koyar

A Fitowa 34:6-7 Ubangiji da kansa ya faɗa wa Musa halinsa. Ya ambaci jinƙai, alheri, jinkirin fushi da gafarar zunubi, a nan take kuma ya ce ba zai ƙyale mai laifi ba. Bulus ma ya umarci Romawa su lura da kirkin Allah da tsananinsa tare (Romawa 11:22). Yohanna 3:16, ayar da yaranmu suka haddace, tana maganar ƙauna, amma tana kuma maganar hallaka, aya ta 18 da ta 36 kuwa sun faɗi makomar wanda ya ƙi gaskatawa.

Hukunci yana fitowa ne daga tsarkin Allah da adalcinsa. Uban da ya ga ana cutar ɗansa bai ji zafi ba, wa zai ce yana ƙaunarsa? Haka fushin Allah a kan zunubi yake, gama zunubi yana lalatar da abin da ya halitta. Duk da haka, a Ezekiyel 33:11 ya rantse cewa ba ya jin daɗin mutuwar mugu, burinsa mugu ya juyo ya rayu.

A kan gicciye ne biyun suka haɗu. Romawa 3:25-26 ta nuna cewa Allah ya ba da Yesu Kristi hadaya domin ya tabbata mai adalci, ya kuma kuɓutar da mai ba da gaskiya. Ba a yafe zunubi a banza ba, an biya farashinsa, kuma Allah da kansa ya biya.

Abin da tarihin ikilisiya ya nuna

A ƙarni na biyu wani mutum mai suna Markiyon ya koyar cewa Allahn Tsohon Alkawari mai fushi dabam yake da Uban Yesu mai ƙauna. Ya yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Bisharar Luka da ya datse da wasiƙun Bulus goma kawai. Ikilisiyar Roma ta fitar da shi wajen shekara ta 144, daga baya kuma Tertuliyan ya rubuta littattafai biyar yana ƙaryata koyarwarsa. Duk wanda ya ce a yau "Allahn Sabon Alkawari ba ya hukunci" yana bin sawun wannan kuskure ne, ko bai sani ba.

A zamanin gyaran ikilisiya, Martin Luta ya nanata bambanci tsakanin Doka da Bishara. Doka tana tone zunubi, Bishara tana ba da gafara, kuma mai wa'azi yana bukatar ya san lokacin da kowannensu ya dace. Jonatan Edwads na Amurka an fi saninsa da wa'azin da ya yi a 1741 a kan masu zunubi da fushin Allah. Amma shi ɗin ne ya yi jerin wa'azi a 1738 a kan ƙauna daga 1 Korintiyawa 13.

Haɗari biyu

Na farko shi ne wa'azin da babu hukunci a cikinsa. Jama'a suna son jin albarka, nasara da buɗi, kuma mai faɗar waɗannan kaɗai ba ya rasa taro. Annabi Irmiya ya tsawata wa annabawa da firistocin zamaninsa don sun yi wa raunin jama'a magani na sama-sama, suna shelar salama alhali babu ita (Irmiya 6:14). Inda aka daina ambaton zunubi, mai cin amanar kuɗin ikilisiya da mai dukan matarsa za su zauna a gaba kowace Lahadi ba tare da lamirinsu ya motsa ba. Ezekiyel 33:7-9 ta ce mai tsaron da ya ƙi faɗakarwa, a hannunsa za a nemi jinin wanda ya hallaka.

Na biyu shi ne wa'azin da babu alheri a cikinsa. Jama'a sukan koma gida da tsoro, ba su san inda za su kai zunubinsu ba. Waɗansu sukan iya ɓoye laifi, waɗansu su fid da zuciya su daina zuwa sujada. Yunana ya yi shelar hukunci a Nineba, amma da mutane suka tuba, Allah ya ji tausayinsu, sai ya husata. Sa'ad da Yakubu da Yohanna suka so su kira wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, Yesu ya tsawata musu (Luka 9:54-55).

Ga ikilisiyar da ke shan wahala

Ikilisiyoyi da yawa a arewa sun binne 'yan'uwa da aka kashe, sun ga an ƙone majami'unsu. Ga irin waɗannan, koyarwar hukunci ta'aziyya ce: babu jinin da aka zubar da Allah ya manta. Saboda wannan ne Bulus ya hana masu bi ramuwa, ya ce su bar wa Allah sakayya (Romawa 12:19-21). Fasto ya yi hankali kada ya mai da bagade wurin hura wutar gaba. Ya kuma guji cewa duk wanda masifa ta faɗa wa zunubinsa ne ya jawo. Yesu ya ƙi wannan tunani game da mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya juya gargaɗin tuba ga masu sauraronsa (Luka 13:4-5).

Shawarwari ga mai wa'azi

1. Ka riƙa bin littafi guda daga farko zuwa ƙarshe. Haka ba za ka tsallake ayoyin da suka yi maka nauyi ba.
2. Ka bar nassin ya ba ka murya. Labarin ɗa ɓatacce a Luka 15 da na mai arziki da Li'azaru a Luka 16 suna maƙwabtaka, kowanne da nasa saƙon.
3. In ka ambaci hukunci, ka nuna ƙofar tsira a wa'azin nan. Bitrus ya yi haka a ranar Fentikos, mutum wajen 3,000 suka tuba.
4. Ka san wanda ke gabanka. Yesu ya yi wa Farisiyawa magana mai zafi, ya yi wa matar Samariya magana a hankali, bai kuwa ɓoye wa kowannensu gaskiya ba.
5. Kada ka yi habaici daga bagade. Laifin mutum ɗaya, Matiyu 18:15 ta ce a fara samunsa a keɓe.
6. Ka fara wa kanka wa'azin. Yakubu 3:1 ta ce masu koyarwa za a yi musu shari'a mafi tsanani.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gargaɗin da ya fito daga ƙauna taimako ne ga mai ji. Ubangijinmu ya faɗi rushewar Urushalima yana kuka a kanta (Luka 19:41-44). Mai wa'azin da zai ambaci Jahannama, ya fara durƙusawa ya yi addu'a domin mutanen da zai faɗa wa.