Malamin Harshe Biyu: Yadda Aka Gina Shi da Yadda Aka Sake Shi

Makarantar boko ta farko da gwamnatin Turawa ta buɗe a Arewa da manya ta soma, masu gemu, waɗanda suka riga suka sauke Alƙur'ani suka shiga littattafai. A 1909 ne Hanns Vischer, Baturen nan haifaffen ƙasar Suwizalan da aka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya tara su a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Ya koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, duka da Hausa, domin su ne za su juya su koyar da 'ya'yan sarakuna. Gidan da ya zauna yana nan har yau, kowa na iya zuwa ya gani.

Kada mai karatu ya zaci tausayin yaro kaɗai ya sa aka zaɓi Hausa. Mutanen Gwamna Lugga sun ga yadda masu jin Turanci na Ikko ke caccakar su a jaridu, ba su kuma son a haifar musu irinsu a nan. Abin da En'e ke bukata shi ne malamin haraji da akawun alƙali da malamin asibiti. Amma ko da wace niyya aka yi abin, tsari ya zauna: yaro ya yi elementare shekara huɗu da Hausa, wanda ya ci gaba ya shiga midil, inda Turanci ke karɓar ragama. Tun daga nan sana'ar koyar da ƙananan yara a ƙasar Hausa ta zama sana'ar harshe biyu, kuma aka ɗauke ta a matsayin abin da sai an koya wa mutum.

Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921 don horar da malamai aka gina ta. An san ta da tsananin kula da lafazin Turanci, shi ya sa har yau in aka saka muryar tsohon ɗalibinta Abubakar Tafawa Ɓalewa sai ka ga matasa sun yi tsit. Abin da ake mantawa shi ne mutanen nan da suka fi kowa Turanci su ne suka fi kowa iya rubuta Hausa. Da Rupert East ya shirya gasar rubuta labarai a 1933, malaman makaranta ne suka cika ta: Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa yana Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar, Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Magana Jari Ce ma don ɗaliban makaranta aka yi ta. Shehu Shagari, lokacin yana malamin makaranta, waƙe ya tsara sukutum don yara su riƙe labarin ƙasar Nijeriya. Malamin wancan zamani in ya rasa abin da yara za su karanta, zama yake ya rubuta.

Ƙasa da su akwai malaman elementare, da ake horarwa a wurare irin su Bauchi da Toro, da Maru inda Malam Aminu Kano ya shugabanta a 1949. Abin da ake nema wurinsu ba shi da yawa, amma ba a sassauci a kansa. Rubutunka a allo ya miƙe. Ka san inda ake sa lanƙwasa a ɓ da ɗ da ƙ, ka san inda kalma ke rabuwa. Ka iya riƙe rajista, ka kula da lambun makaranta, ka duba farce da ƙeya da safe. Ka iya zama gaban dagaci ka nemi yaran da iyayensu suka ɓoye a rumbu. Ba zan yi wa zamanin kwalliya ba: bulala ce ke mulki, hadda ce hanya, kuma yara ƙalilan ne suka shiga, mata kuwa sai ka ƙirga su da yatsu. Sai dai wanda ya gama aji huɗu yana iya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ga dattawa a dandali, ya rubuta wa maƙwabciya wasiƙa zuwa ga ɗanta da ke ci-rani.

Da guguwar 'yancin kai ta taso, sai ra'ayi ya juya. Shugabanni sun ga Kudu ta yi mana nisa a yawan ma'aikata, suka ɗora laifin a kan jinkirin fara Turanci. Aka shigo da tsarin tsunduma yaro cikin Turanci tun ranar farko, da littafin da ake kira Straight for English. Ni a wannan zamanin na yi firamare. Mukan miƙe mu rera jimloli a kan ƙofa da taga da tebur, da murya mai daɗi, ba tare da mun san wanne ne ƙofar wanne ne tagar ba. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, monita ya rubuta sunansa cikin masu banakula. Malaminmu mutumin kirki ne, amma shi kansa Turancin nasa bai kai ya ɗauki darasin lissafi ba, saboda haka in ya ga idanunmu sun yi fari sai ya leƙa waje, ya tabbatar hedimasta ba ya kusa, ya yi mana bayani da Hausa ƙasa-ƙasa. A wannan ɗan satar ne muke fahimtar duk abin da muka fahimta.

Shekarun 1970 su ne na fi so a tsaya a kansu, don a lokacin ne aka fi matsowa kusa da gaskiya, a wurare uku kusan lokaci guda. A Ile-Ife, Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a 1970 na koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, aka ware ƙwararren malami na musamman yana koyar da Turanci a matsayin darasi. A Damagaram, Jamhuriyar Nijar ta buɗe makarantar gwaji a 1973 inda yaro ke farawa da Hausa kafin Faransanci ya shigo a hankali, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. A Zariya kuma, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da tallafin UNICEF da UNESCO, ta ƙaddamar da shirin inganta ilimin firamare da aka sani da PEIP, a jihohi shida na Arewa na wancan lokaci. A inda Hausa ce harshen gari, da ita ake koyar da azuzuwan farko, Turanci yana tafiya gefe a matsayin darasi har ya yi ƙwari.

A ɗaya daga makarantun wannan shiri na fara aiki, ɗauke da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, wadda kowa ya sani da Giredi Tu. Abin da ya bambanta shirin da duk wanda na gani bayansa shi ne malaman malamai masu yawo. Ba a kira mu otal a birni a yi mana bita ta kwana uku a raba kuɗin mota a sallame mu ba. Mutum ne zai zo makarantarka, ya zauna a bayan aji a kan benci tare da yara, ya kalli darasinka daga farko har ƙarshe, wani lokaci ya karɓi allin ya nuna maka, sannan ya dawo bayan 'yan makonni ya ga ko ka gyara. Wanda ke zuwa mana yana da tambaya ɗaya da ba ya gajiya da ita: “Malam, cikin minti talatin ɗin nan, wa ya fi yin magana, kai ko su?”

Aikin da nauyi, kuma yawancinsa kafin a kaɗa ƙararrawa ake yin sa. Ka tara marafan kwalba da 'ya'yan tsamiya da tsinken kara don ƙirga. Ka yanka kwali ka rubuta gaɓoɓi, ba da bi da bu, ka raba wa yara rukuni-rukuni su harhaɗa kalmomi da kansu. A kusurwar aji akwai shago na gwangwanayen madara da kwalayen ashana da kuɗin takarda, yaro ɗaya na sayarwa, wani na neman canji. A wata kusurwar akwai wake da aka shuka a gwangwani ana auna tsawonsa kowace safiya. Yarinyar da ke tallan ƙosai da yamma ta riga ta san “ashirin ba ɗaya”, wato ta iya ɗebewa tun kafin ta ga alamarsa a allo. Aikinka ka gano abin da ta zo da shi daga gida ka ɗora a kai. Wanda bai saurari yaro da harshen da yaron ke tunani da shi ba, ba yadda za a yi ya san abin da ke cikin kansa.

Sai kuma Turancin. Malamin harshe biyu ɗan fito ne, dole ya san gaɓar nan ya san ta can, ya kuma san inda ruwan ke da zurfi. An koya mana tun farko cewa ɗan Bahaushe zai gauraya p da f, zai cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu da suka haɗu, kuma wasulan Turanci za su ruɗa shi don harafi ɗaya na iya fita da murya uku. Saboda haka da kunne da baki ake farawa, da waƙa da wasa da umarni, tashi, zauna, taɓa hancinka, sai yaro ya iya karatu da Hausa sarai sannan a kai shi ga karanta Turanci. Kuma an hana mu cakuɗa: lokacin Turanci na Turanci ne, lokacin Hausa na Hausa. Iyaye sukan zo da ƙorafi, su ce mun kawo muku yaro ya koyo Turanci kuna koya masa abin da ya iya. Lallashinsu ma yana cikin aikin. Hanyar da ta fi ci ita ce ka miƙa wa yaron takarda ya karanta wa uban a tsaye.

Abin da ya ci wannan tsari nasara ce ta wani gefen. A watan Satumba na 1976 Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, UPE. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Alheri ne babba, 'ya'yan talakawa da yawa ta nan suka ga allo. Amma malamai ba sa tsirowa a damina ɗaya. Aka buɗe kwalejoji barkatai, aka gajarta kwasa-kwasai, aka ɗebo waɗanda ba su da horo aka ba su aji. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta yi ta ƙoƙarin cike giɓin da karatu daga nesa. Ajin da ke da yara talatin ya koma ɗari, ba wurin shago, ba wurin wake. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta rubuta cewa a fara da harshen uwa ko harshen yankin, sannan a koma Turanci. Ta zo daidai lokacin da mutanen da suka iya aiwatar da ita suka narke cikin taro.

Daga baya aka ɗaga matsayi: NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka rufe kwalejojin Giredi Tu ɗaya bayan ɗaya, aka kafa hukumar rajistar malamai ta TRCN a 1993. A takarda ci gaba ne. Sai dai Giredi Tu, duk da gajartarta, malamin aji take ginawa, mai koyar da komai, wanda ya sha gwajin koyarwa a gaban ƙananan yara. NCE kuwa ta daɗe tana fitar da mai darussa biyu wanda aka shirya don ƙaramar sakandare. Na karɓi matasa a ofishina da shaidar tattalin arziki da labarin ƙasa, an turo su aji ɗaya. Hausawa ne gaba da baya, amma in ka yi musu shifta ta layi biyar sai ka rasa inda za ka sa jan biro. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya taɓa koya musu. An ɗauka duk wanda ya sha Hausa a nono ya iya koyar da karatu da ita. Abin da ke faruwa a aji shi ne malam ya kwafe darasi da Turanci a allo, ya karanta, ya fassara da baki, yara su kwafe abin da ba su iya karantawa. Yaro ya fita bai mallaki ko ɗaya daga harsunan biyu a rubuce ba. Gwaje-gwajen karatu da aka yi a Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 sun nuna mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta kalma ko ɗaya ta Hausa. Shirye-shiryen da suka biyo baya, irin su RANA da littattafan Mu Karanta, dawo da tsohuwar dabara suka yi: gaɓoɓi, littafi a hannun kowane yaro, da mai bibiyar malami har cikin aji.

A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya, ta bakin minista Adamu Adamu, ta ce a koyar da harshen uwa duk shekara shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 minista Tunji Alausa ya soke, ya ce Turanci daga farko har ƙarshe, yana kafa hujja da faɗuwa jarrabawa. Yaran da suka rubuta waɗannan jarrabawowi sun bar firamare tun kafin a yi dokar da ake zargi. A makarantun da na sani, ba dokar farko ba ta biyun, ba wadda ta canja abin da malam ke yi ranar Litinin da safe, domin ba wadda ta zo da horo ko littafi.

Kirana ga shugabannin kwalejojin ilimi ne da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu, tunda su ke yaye malami su kuma ke ɗaukarsa aiki. Duk wanda za a ba aji ɗaya zuwa uku a ƙasar Hausa, a yi masa shifta da Hausa, a saurari Turancinsa, sannan a tsayar da shi gaban yara 'yan shekara shida a ga ko zai iya sa su magana. Wanda ya kasa a mayar da shi horo kafin a ba shi alli, wanda ya ci kuma a biya shi albashinsa a kan kari.