Zagayen Alhamis

Tun da na sallama shagona na titin Beirut ga yaran da suka tashi a hannuna, ake yawan gayyatata tarukan wayar da kan 'yan kasuwa game da tsaron kwamfuta. A zaunar da ni a sahun gaba a matsayin dattijon sana'a, a ajiye mini ruwan roba, ba a cika tambayata komai ba. Masu jawabin matasa ne masu ƙoƙari, ba zan hana su wannan ba, kuma suna riƙe da takardun shaidar da mu ba mu taɓa mallaka ba. Sai dai duk wanda ya miƙe, tarihin sana'ar a bakinsa daga WannaCry na 2017 yake farawa, jawabin kuma wuri ɗaya yake ƙarewa: wai ma'aikaci shi ne ɓarakar kowane kasuwanci. Yaron shago, sakatariya, yarinyar da ke kan POS, su ne masu danna abin da bai kamata ba. Daga nan a haska hoton wani mai baƙar riga ya rufe fuska a gaban kwamfuta, a yi tafi, a raba abinci.

Maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da maigidana yana raye ya ji ta, tambaya ɗaya zai yi wa mai jawabin: yaushe rabonka da ka zauna a shagon kasuwar Kwari daga buɗewa har la'asar?

Injiniya muke ce masa. Tsohon ma'aikacin NITEL ne da ya ga inda iska ta dosa lokacin da wayar salula ta shigo a 2001, ya ajiye aiki, ya kafa faranti a rufin wani bene, ya buɗe kafe. Amma kafen ba shi ne zuciyar aikinsa ba. Abin da ya rayu a kai shi ne kula da kwamfutocin ƙananan 'yan kasuwa bisa ɗan abin da suke biya duk wata: masu shagon magani, ejan-ejan na Hajji da Umara, makarantun kuɗi, masu ɗab'i, da dilolin atamfa da suka fara zuba lissafinsu a Peachtree ko Excel. Kowace Alhamis bayan azahar sai ya rufe wurin gyara, ya ɗora ɗayanmu a bayan babur, mu fita zagaye. A jakarsa akwai sababbin faya-fayan CD, da faifai guda mai ɗauke da sabuntawar maganin bairos da muka kwana muna saukewa a kafe, tunda yawancin shagunan ba su da intanet. Akwai burushin kakkaɓe ƙurar hunturu, akwai kuma wani littafi mai baƙin bango.

Kwafe bayanai kowa yana yi, ko ya ce yana yi. Yadda Injiniya yake yi ne ya bambanta. Zai zuba lissafin shagon a faifai biyu, ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya Alhaji ya tafi da shi gida. Sannan ya ciro faifan, ya sa a wata kwamfutar dabam, ya juyo da allon wajen mai shagon.

"Alhaji, faɗi sunan mutum ɗaya da kake bi bashi."

Alhaji zai yi tsaki, ga masu ciniki suna jira, ya faɗi suna. Injiniya zai lalubo sunan daga cikin faifan, ya karanto adadin kuɗin da ranar da aka karɓi kaya. Sai Alhaji ya ce haka ne, sannan ya ɗauki alƙalami ya rubuta kwanan wata a bayan faifan. In faifan ya ƙi buɗewa, kuma yakan ƙi, musamman irin masu arhar nan, to ba ma barin shagon sai an sake. Na sha tsayawa ƙafafuna suna zafi ina tunanin ɓata lokaci muke yi. Shekaru da yawa bayan rasuwarsa aka kira ni wata makarantar kuɗi, an kulle musu duk fayilolinsu ana neman fansa da Bitcoin, sakamakon jarabawa da bayanan kuɗin makaranta na shekaru sun tafi. Shugaban makarantar ya ce mini hankalinsa kwance yake domin suna da ma'ajiyar waje. Na duba bayan tebur, ga ta nan a maƙale jikin kwamfutar dare da rana, kamar mai kulle ƙofa ya bar makullin a jiki. Abin da ya ci kwamfutar ya ci ta. Faifan Injiniya mai ɗaukar megabayit 700 kacal ba a iya sake rubutu a kansa, kuma a aljihun mai shi yake kwana. Kafin in fita daga makarantar an riga an fara maganar korar malamar da ke shigar da maki, wai ita ce ta buɗe imel ɗin da ya shigo da bairos ɗin.

Littafin nan mai baƙin bango shi ne abin da na fi so matasan nan su sani. Kowane shago yana da shafukansa. Ba a rubuta kalmar sirri a ciki, ko da wasa. Sunaye ake rubutawa: wane ne ya san ta shiga kwamfuta, wane ne ya san ta lissafi, wa ke riƙe da makullin ofis, wa ke tafiya da filas gida. Ranar da yaro ya bar shago, ko an sallame shi da jari cikin mutunci ko an rabu dutse a hannun riga, Injiniya zai ja wa sunansa jan layi, a canza komai a ranar. A nan ake kai ruwa rana da masu shago.

"Haba Injiniya, yaron nan ɗan ƙanwata ne fa."

"Allah ya bar zumunci, Alhaji. Ai domin shi nake canzawa. Ranar da kuɗi zai yi ƙafa a shagon nan, kada sunansa ya shiga bakin mutane."

Haka kuma ba ya yarda mutum uku su yi amfani da kalmar sirri ɗaya. Hujjarsa ita ce in aka yi ɓarna babu yadda za a wanke biyun da ba su ji ba ba su gani ba, kuma a shago irin namu, zargi kan mafi ƙarancin gata yake sauka. Tun kafin ya karɓi aikin shago yake sa mai shi ya yi alkawari a gaban yaransa: duk wanda ya yi kuskure a kwamfuta ya faɗa a ranar, ba za a cire masa ko kwabo daga albashi ba. Wasu sun ƙi, ya bar musu aikinsu.

Ba wai zamanin nan da sauƙi ba ne. Abokan sana'a za su tuna watan Agustan 2003, da Blaster ya shigo, kwamfuta ta riƙa ba ka daƙiƙa 60 kafin ta kashe kanta, kana rige-rige da agogo ka rubuta umarnin dakatarwa. Sasser ya biyo baya a 2004. Sai zamanin filas, da Brontok na Indunusiya, da wanda ke buɗe maka hoton Raila Odinga kana rufewa yana dawowa, da mai ɓoye manyan fayiloli ya bar maka inuwarsu, ɗalibi ya shigo yana kuka wai aikin digirinsa ya ɓace alhali yana nan. A kafe Deep Freeze ne ya rufa mana asiri: duk ƙazantar da aka zuba da rana, ana kashe na'ura a kunna ta koma yadda take. Akwai kuma masu sayen lokacin dare su kwana suna aika wasiƙun damfara ƙasashen waje. Kafin dokar 2006 ta wajabta wa masu kafe yin rajista da EFCC, Injiniya ya riga ya daina sayar da dare, ya yi asarar kuɗin da a lokacin ya fi na rana. Amma duk waɗannan bairos ɗin na'ura suke lalatawa. A yi fomatin, a mayar da faifan Alhamis, a ci gaba da ciniki. Kuɗin shago yana cikin durowa ko a banki, kuma sai Alhaji ya je da kansa da cek.

Yanzu shagon gaba ɗaya ya koma cikin waya. Tsarin rage amfani da tsabar kuɗi na Babban Banki ya iso Kano a 2013, BVN ta zo a 2014, sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙarasa aikin, har mai shayi da mai kayan miya suka liƙa lambar asusu a bango. Layin waya guda ya zama makullin banki, da na WhatsApp inda abokan ciniki suke, da na imel. A sace wayar da layinta ba shi da lambar kulle, a zare layin a sa a wata, a shiga gwada USSD. Ko a kira yaron shago da muryar girmamawa, a ce daga ƙungiyar kasuwa ne, za a yi taro ta intanet da daddare, ya karanto lambobi shida da aka turo masa. Yana karantowa WhatsApp ɗin shago ya tafi, kafin magariba an bi abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya ana karɓar kuɗin kaya da sunan Alhaji.

Na san wata yarinya a wani shagon magani da aka yi wa alat na bogi. Mutum ya ɗebi magunguna masu tsada, ya nuna mata rasit a wayarsa, saƙo kuma ya shigo ƙaramar wayar shago. Manhajar bankin da za ta nuna ko kuɗin ya shiga da gaske tana wayar maigidan, maigidan yana hanyar Abuja, ta kira bai ɗaga ba, ga layi ya taru a bayan mutumin. Ta ba da kaya. An kwashe watanni ana cirewa daga albashin da dama bai taka kara ya karya ba. Na'urorin POS na yanzu suna nuna shigowar taransifa a kan allonsu, ba sai an jira kowa ba, amma maigidan ya fi son kuɗi ya shiga asusunsa na kansa. Ina so mai jawabi ya nuna mini inda ɓarakar take a wannan labari. Kuma wannan cire albashin yana da wani farashi da masu shago ba sa lissafawa. Kuɗin damfara ba ya kwana a asusun da ya fara sauka, rarraba shi ake yi zuwa wasu asusun cikin ɗan lokaci. In aka sanar da banki nan take akwai yiwuwar a riƙe wani abu. Yaron da ya san albashinsa zai tafi ba zai faɗa nan take ba. Zai yi shiru, ya yi ta addu'a, har sai an yi lissafin ƙarshen mako.

Manya ma ba su tsira ba, su ne ma aka fi hari. Obinwanne Okeke, wanda kotun Amurka ta ɗaure shekara 10 a 2021, ya shiga kamfanin Unatrac mai dillancin injinan Caterpillar ne ta imel ɗin babban jami'in kuɗin kamfanin, aka kwashe kusan dala miliyan 11 da takardun biyan kuɗi na ƙarya. Babban jami'i ne ya sa kalmar sirrinsa a shafin bogi, ba masinja ba. Irin wannan ake yi wa 'yan kasuwarmu masu sayo kaya daga Guangzhou: ana tsakiyar maganar kwantena sai saƙo ya zo daga adireshin da ya yi kama da na kullum, harafi ɗaya ne ya bambanta, wai asusunmu yana da matsala, a tura kuɗin wannan sabon. Maganinsa bai wuce a ɗaga waya a kira tsohuwar lambar da aka sani a ji murya ba. Alhazai da yawa suna jin nauyin yin haka, kada abokin hulɗa ya ga kamar ba a yarda da shi ba.

Zagayen bai mutu rana ɗaya ba. Intanet ta shiga kowane shago, maganin bairos na kyauta ya riƙa sabunta kansa, masu shago suka ga babu dalilin biyan kuɗin wata ga mutumin da zai zo ya tambaye su sunan mai bashi. Masu gyara suka koma sayar da waya, da kafa kyamarori, da sola. Masu takardun shaida kuwa bankuna da ma'aikatu suka nufa, can kwangila take. An yi dokar laifukan intanet a 2015, an yi ta kare bayanan jama'a a 2023, kuma ƙaramin asibiti da makarantar unguwa suna riƙe da bayanan mutane kamar kowa. Ban ga wanda ke hawa babur ya je ya zauna da sakatariyarsu ba. Abin da ake sayar musu manhaja ce ta shekara, da taron yini ɗaya a otal wanda maigida ke halarta, yaran suna shago.

In ka yi maganar kwafin ajiya yanzu sai a ce ai komai yana Google. Kwanakin baya wani dilan hatsi daga Dawanau ya aiko a kira ni, wayarsa ta faɗa ruwa, lambobin abokan cinikinsa na Nijar da Chadi da hotunan takardun bashi duk suna ciki. Na ce masa in Allah ya so suna nan, ya ba ni adireshin Gmail ɗinsa da kalmar sirri. Ya dube ni, ya dubi babban yaronsa, yaron ya dubi ƙasa. Na tambaya wa ya buɗe masa imel ɗin, da wace lamba.

"Wani yaro ne a Farm Centre, ranar da na sayi wayar," in ji shi. "Dogo haka, yana da gilashi. In muka je zan gane shi."