Daga Kongo Zuwa Gwiwa: Tarihin Horar Da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi

'Yan'uwa mazauna birane, mukan koka da tafiyar hawainiyar ayyuka a gida, amma ba kasafai mukan tambayi wanda ya horar da masu riƙe da alƙalamin ba.

Tun zamanin En'e hukuma ta gane cewa mulki ba ya tafiya sai da ƙwararrun ma'aikata. A 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a 1954, ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Can ma'ajiyai da magatakarda na En'e-En'en Arewa suka sami horo.

Gyaran 1976 ya mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na mulki. Daga bisani aka ɗora wa jami'o'in Zariya da Ife da Nsukka nauyin horar da ma'aikatansu, aka kuma ware kashi 1 cikin 100 na kasonsu domin horo, a hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta kowace jiha.

An ƙirƙiri Jigawa a 1991, Gwiwa ma ta sami ƙaramar hukumarta. A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Sai dai kuɗi a hannun ma'ajin da bai iya lissafi ba, ruwa ne a kwando. Wajibi ne ƙungiyarmu ta riƙa tambaya kowace shekara: ma'aikatan Gwiwa nawa aka tura kwas, kuma me suka koyo?

Allah ya ɗaukaka Gwiwa, amin.