Adda da Takwarorinta: Tarihin Manyan Wuƙaƙen Sara

Gabatarwa

A shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, dazuzzukan ƙasar Bama sun haɗa mutanen da ba su taɓa sanin juna ba. A rundunar da Janar Wingate ya kafa domin kutsawa bayan dagar Japanawa, akwai bataliyoyi uku na sojojin Nijeriya, waɗanda da yawansu da Hausa suke magana, akwai kuma Gurka daga ƙasar Nepal. Ɗan Nijeriya yana rataye da adda, takwaransa na Nepal yana ɗauke da wata lanƙwasasshiyar wuƙa mai suna kukuri, kuma aiki ɗaya suke yi da su, wato sare hanya da kafa bukka da faskaren itacen girki. Wannan maƙala za ta kwatanta irin waɗannan manyan wuƙaƙe guda uku, domin a nuna cewa sifar kowace ta samo asali ne daga irin dajin da aka ƙera ta dominsa.

Adda

Addar da aka sani a kasuwanni yau ta bunƙasa ne a gonakin rake na tsibiran Karibiyan da Kudancin Amurka, inda bayi suka yi ƙarnuka suna sara da ita. Tsawon ruwanta yakan kai kamar santimita 45, kaurinta kuwa bai cika wuce milimita biyu ko uku ba. Wannan rashin kauri shi ne sirrinta, domin kuwa doguwar wuƙa marar nauyi tana saurin tafiya a hannu, ta ratsa kara da ciyawa da ɗanyen reshe kafin su sunkuya. Amma idan aka kai ta ga busasshen icce mai tauri, sai ta maƙale ko ta yi tsalle.

A ƙarni na 19 ne masana'antu suka karɓe ƙirarta. Kamfanin Collins na Amurka, wanda aka kafa a 1826, ya soma ƙera adduna a 1845, sa'an nan kamfanin Martindale na birnin Birmingham, wanda aka kafa a 1874, ya cika kasuwannin Afirka da adda mai tambarin kada. Da yake ita ce makamin da talaka ya mallaka, ba ta tsira daga yaƙi ba. A 1868 masu neman 'yancin Kyuba suka far wa sojojin Sifen da adduna ƙarƙashin jagorancin Maksimo Gomez, kuma tun 1975 hotonta yake bisa tutar Angola.

Farang da Golok

A Malaya da Borneo da tsibiran Indunisiya daji iri dabam ne. Can gora da igiyoyin kurmi da itatuwa masu tauri ne suka yi yawa, saboda haka maƙeran wurin suka fito da farang da ƙanwarta golok. Sun fi adda gajarta, sun kuma fi ta kauri, nauyinsu ya rinjaya wajen gaba, bakinsu kuma an wasa shi da ɗan tudu domin ya tsaga icce ya fito ba tare da ya maƙale ba. Maƙeri yakan raba bakin farang gida uku: tsinin domin fiɗa, tsakiyar domin sara, sa'an nan kusa da ƙota domin sassaƙa. A lokacin tarzomar Malaya, daga 1948 zuwa 1960, sojojin Ingila sun ga fifikon wannan ƙira a cikin kurmi, har daga baya suka mai da golok ɗaya daga cikin kayan aikinsu.

Kukuri

Ita kuwa kukuri wuƙar mutanen duwatsu ce. Gaba ɗayanta ba ta cika wuce santimita 45 ba, amma doronta yakan kai kaurin milimita goma, kuma ta lanƙwasa gaba kamar lauje, ta yadda nauyin sara yake taruwa wuri guda tamkar na gatari. Manomin Nepal da ita yake faskare, da ita yake yanka dabba. A jikin kubenta akan soke 'yan ƙarafa biyu, ɗaya ƙaramar wuƙa, ɗaya kuma na gyaran kaifi da ƙyasta wuta. Turawan Ingila sun ɗanɗana kaifinta a yaƙin da suka yi da Nepal daga 1814 zuwa 1816, abin da ya sa suka soma ɗaukar Gurka aikin soja. Sai dai gajartarta takan wahalar da mai sharar ciyawa, domin sai ya duƙa ƙwarai, kuma nauyinta yana saurin gajiyar da hannu.

Kwatanci

Idan aka jera su ukun, za a ga ƙa'ida ɗaya ce take tafiyar da su: gwargwadon taushin tsiro, gwargwadon tsawo da sirantakar wuƙa, gwargwadon taurinsa, gwargwadon kauri da gajartarta. Ashe gaskiyar Bahaushe da ya ce kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Manomin ƙasar Hausa shi ma bin wannan ƙa'ida yake yi ta wata hanya, domin ya raba aikin tsakanin kayayyaki uku, gatari ga icce, lauje ga ciyawa, adda kuwa ga sassaben ƙananan itatuwa da ƙayoyi.

Wani abin lura shi ne yadda makomar maƙera ta zo ɗaya. Shigowar ƙarfen Turai ta kashe sana'ar narkar da tama a ƙasar Hausa, maƙera suka koma ga tsofaffin ƙarafa. Yau maƙerin Kano da na Nepal da na Borneo duk sifirin ɗin tsohuwar mota suke nema, saboda yana karɓar horon wuta, yana kuma riƙe kaifi.

Kammalawa

A wannan zamani kamfanoni suna ƙera waɗannan wuƙaƙe domin masu fita daji shaƙatawa a Turai da Amurka, kowa yana tallar tasa da cewa ita kaɗai ta isa kowane aiki. Tarihi bai goyi bayan wannan iƙirari ba. Wanda zai zaɓi wuƙar sara ya kamata ya fara duban abin da zai sara, kamar yadda maƙeran da suka fito da sifofin nan suka yi. Abin damuwa shi ne, wannan sani a hannun maƙera yake, ba a rubuce ba, kuma duk maƙerar da aka rufe saboda arahar addar masana'anta, tana tafiya ne da wani sashe nasa. Ya dace masu nazarin al'adu su himmatu wajen tattara sunayen waɗannan kayayyaki da hanyoyin ƙirarsu daga bakin masu sana'ar tun suna raye.