Tarihin Karatun Kiyaye Halittun Teku da Ayyukan da Ya Haifar

Kiyaye halittun teku fanni ne na ilimi da aiki da ya shafi kare kifaye, murjani, kunkuran ruwa, tsuntsayen gaɓa da sauran abin da ke rayuwa a ruwan gishiri, tare da kare abincin mutanen da suka dogara da su. A yau jami'o'i da dama na ba da digiri na biyu da na uku a kansa, amma bai samu suna da gurbin kansa ba sai a ƙarshen ƙarni na 20. Kafin nan, kusan shekara ɗari, masu karatun teku ana horar da su ne su san abin da ke cikinsa da yadda za a ƙara kamo shi. Kusan duk wani sauyi da aka samu a manhajar, wata asara ce ta fara aukuwa sannan malamai suka biyo baya.

Tashoshin farko

A 1872 jirgin Birtaniya mai suna Challenger ya fita kewaya duniya don binciken teku. Bai dawo ba sai 1876, ɗauke da halittu fiye da 4,000 waɗanda kimiyya ba ta san da su ba, kuma rahotonsa mai juzu'i 50 bai kammala ba sai 1895. A wannan shekara ta 1872 ne kuma wani Bajamushe, Anton Dohrn, ya kafa tashar binciken halittu a birnin Nafoli na Italiya. Dabararsa ita ce jami'o'i da gwamnatoci su riƙa biyan hayar teburin aiki a tashar, su turo matasan masanansu su zauna wata da watanni, masunta na kawo musu halittu da ransu. A irin waɗannan tebura horon ɗaliban teku ya fara, ɗalibi a gefen malami, tun ba a rubuta wata manhaja ba.

Tambayar da ta haifi fannin kiyayewa ta taso ne a Landan a 1883, wurin wani baje koli na harkar su. Thomas Henry Huxley, wanda a lokacin maganarsa a kimiyya ba ta faɗuwa ƙasa, ya ce manyan kifayen teku irin su kwad sun yi yawan da kamun ɗan Adam ba zai iya ƙarar da su ba. Wani masani, Ray Lankester, ya ce ba haka ba ne. Babu wanda ke da alƙaluman da zai kafa hujja da su, kuma neman alƙaluman na cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar masana halittun teku ta Birtaniya a 1884, wadda ta buɗe ɗakin bincikenta a Plymouth a 1888. A 1902 ƙasashen arewacin Turai suka kafa majalisar binciken teku ta ICES a Kofanhegan. Daga cikin masananta akwai Johan Hjort na Norwe, wanda ya yi amfani da zoben da ke jikin ɓawon kifi wajen gane shekarunsa, ya nuna a 1914 cewa kifayen da aka ƙyanƙyashe a shekara guda mai albarka, wato 1904, su ne suka riƙa cika tarun masunta shekara da shekaru. Daga nan ƙidayar kifi ta zama sana'a.

Zamanin ƙidaya da lissafi

A Amurka cibiyar Scripps ta faro a 1903 a San Diyego, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Kalifoniya a 1912. Harald Sverdrup, wanda ya shugabance ta daga 1936 zuwa 1948, shi ya tsara wa ɗalibai karatun da ya haɗa igiyar ruwa, sinadarai, ƙasan teku da halittu wuri guda. Cibiyar Woods Hole, wadda aka kafa a 1930, ta fara ba da digiri na uku tare da jami'ar MIT a 1968. Yaƙin Duniya na Biyu da zaman doya da manjan da ya biyo baya sun kwararo wa waɗannan cibiyoyi kuɗin sojojin ruwa, saboda jiragen yaƙi masu nutso na bukatar sanin yadda sauti ke tafiya a ƙarƙashin ruwa.

Ta ɓangaren kifi kuwa, littafin da Raymond Beverton da Sidney Holt suka fitar a 1957, daga aikin da suka yi a Lowestoft ta Ingila, ya zama abin da ɗalibin fannin ba zai tsallake ba. An koya wa ɗalibai lissafa iyakar kifin da za a iya kamawa kowace shekara ba tare da iri ya ragu ba. Wanda ya gama, aikin gwamnati ne ke jiransa, a ma'aikatar kifi. Rachel Carson misali ce: ta yi digiri na biyu a ilimin dabbobi a Jami'ar Johns Hopkins a 1932, ta kama aiki a hukumar kifi ta Amurka, kuma tana can ta rubuta littafinta kan teku na 1951 wanda ya sa talakawan ƙasar suka fara kallon teku a matsayin abu mai rai.

Lissafin na da raunin da ba a gani ba da wuri. Yana ɗaukar kowane irin kifi shi kaɗai, kamar ba ya cin wani kuma wani ba ya cin sa, yana kuma zaton hukuma za ta bi shawarar masana. A 1972 kamun ƙaramin kifin nan ancobeta na Peru, wanda ya fi kowane kamu yawa a duniya, ya rushe sakamakon kamun wuce gona da iri haɗe da ɗumamar ruwan El Nino.

Shigowar doka

Fashewar jirgin mai na Torrey Canyon a gaɓar Ingila a 1967, da malalar mai a Santa Barbara a 1969, sun nuna cewa sanin halittu kaɗai ba ya hana ɓarna. Amurka ta riga ta kafa shirin Sea Grant a 1966 don tallafa wa jami'o'in gaɓa, sannan a 1969 Jami'ar Rhode Island ta buɗe digiri na biyu kan al'amuran teku, inda ake karanta doka, tattalin arziki da tsara gaɓa. Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta tabbatar wa kowace ƙasa mai gaɓa ikon dukiyar da ke cikin mil 200 na teku daga bakin ruwanta. Nan take ƙasashe matalauta suka tsinci kansu da faffaɗan ruwa ba tare da ma'aikatan da za su kula da shi ba. Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya da aka buɗe a Malmo ta Suwidin a 1983 an yi ta ne musamman don horar da jami'an irin waɗannan ƙasashe.

Malamai biyu da gandun teku

Na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera a 1943 ta ba masana damar ganin teku da idonsu, maimakon jiran abin da taru ya jawo. Waɗanda suka fi saurin fahimtar ɓarnar su ne malaman da ke nutso a wuri ɗaya shekara bayan shekara.

Bill Ballantine, wanda ya shugabanci tashar Jami'ar Okland da ke Leigh a Niyu Zilan, ya ga cewa ɗalibansa ba za su iya nazarin teku mai lafiya ba, don masu su sun kwashe manyan kifayen. Ya yi ta fafutuka har aka yi dokar gandun teku a 1971, aka keɓe kimanin murabba'in kilomita 5 kusa da tashar a 1975, aka haramta kamu gaba ɗaya. Abin da ya biyo baya ɗalibai ne suka rubuta shi a kundayen digirinsu: manyan kifaye da manyan jatan lande suka dawo, suka cinye bushiyar tekun da ta addabi wurin, sai dogayen ciyayin ruwa suka sake tsirowa a kan duwatsun da suka zama fako.

A Filifin, Angel Alcala na Jami'ar Silliman ya gwada abu makamancin haka a tsibirin Sumilon a 1974. Kifi ya ƙaru, amma a 1984 kariyar ta wargaje bayan siyasar ƙaramar hukuma ta juya, masunta suka koma ciki. A tsibirin Apo kuwa, inda aka fara a 1982, Alcala da abokan aikinsa sun zauna da mutanen garin har suka yarda su keɓe wani yanki da kansu, su kuma yi gadinsa da kansu. Wannan ya ɗore. Wanda ya san yadda Sarkin Ruwa ke hana su a wani gulbi har lokacinsa ya yi, kuma jama'a su bi saboda sun san amfanin nasu ne, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Bambancin Sumilon da Apo ya cancanci a koya wa kowane ɗalibin fannin tun makon farko, domin halittun kusan iri ɗaya ne, malamin ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wanda ke riƙe da doka.

1992 da haihuwar fannin

A ranar 2 ga Yuli 1992 gwamnatin Kanada ta rufe kamun kifin kwad a gabashin Niyufanlan, kamun da ya ciyar da mutane kusan shekara 500. Mutum kusan 30,000 suka rasa abin yi. An ce rufewar ta shekara biyu ce, amma ba a ɗage ta ba sai 2024. Abin da ya fi girgiza jami'o'i shi ne Kanada ba ta rasa masana masu manyan digirori ba. Ƙididdigarsu ta dogara ƙwarai da abin da manyan jirage ke kamowa, su kuwa jiragen suna bin ragowar kifin inda ya taru da na'urori, don haka kamu bai nuna raguwa ba. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun daɗe suna cewa kifi na ƙanƙancewa yana kuma raguwa, ba a ɗauki maganarsu a bakin komai ba.

Ƙungiyar masana kiyaye halittu da aka kafa a 1985 ta fi mai da hankali ga dazuzzuka da namun tudu. Elliott Norse ne ya kafa cibiya ta musamman don teku a 1996, ya shirya taron farko na fannin a Biktoriya ta Kanada a 1997, kuma a 1998 masana fiye da 1,600 suka sa hannu a wata takardar gargaɗi kan halin da teku ke ciki. A 1995 Daniel Pauly ya bayyana wata cuta ta sana'ar kanta: kowane matashin masani yana ɗaukar yawan kifin da ya tarar a farkon aikinsa a matsayin daidai, don haka asarar da ta faru kafin zuwansa ba ta shiga lissafinsa. Wannan ya sa ɗalibai suka fara tono tsofaffin littattafan jirage suna kuma zama da dattawan masunta. Scripps ta buɗe cibiyar kiyaye halittun teku a 2001, jami'o'i irin su James Cook ta Ostareliya, York ta Ingila da Duke ta Amurka suka yi suna da kwasa-kwasansu, sannan a 2009 aka yi babban taron duniya na farko na masu wannan aiki.

Karatun da aikin a yau

Digiri na biyu kan ɗauki shekara ɗaya a Birtaniya, biyu a mafi yawan sauran ƙasashe. Ana koyar da alaƙar halittu da muhallinsu, ƙididdiga, zana taswira da kwamfuta, doka, da yadda ake tattaunawa da al'umma. Ɗalibai da yawa na shigowa da burin nutso tsakanin kifaye, sai su tarar rabin aikin a gaban kwamfuta yake, sauran rabin kuma a zauren taro. Masu ɗaukar aiki sun haɗa da hukumomin kifi da na muhalli, gandayen teku, ƙungiyoyi masu zaman kansu, kamfanonin da ke auna illar haƙar mai ko ginin tashar jirage, da hukumar MSC da aka kafa a 1997 don tantance kifin da aka kama bisa ƙa'ida. Alƙawarin da ƙasashe suka ɗauka a Montiriyal a Disamban 2022, na kare kashi 30 cikin ɗari na teku kafin 2030, da yarjejeniyar tekun da ba na kowa ba ta 2023, sun ƙara bukatar ma'aikata, domin abin da aka keɓe a lokacin kimanin kashi 8 ne kawai.

Sai dai ƙofar shiga tana da tsada. Kuɗin makaranta, takardar shaidar nutso da aikin sa kai na watanni ba albashi, wani lokaci ma ɗalibi ne zai biya kafin a bar shi ya yi aikin, duk suna tace ɗan talaka su bar mai hali. Ayyukan da ake samu kuma galibi na kwantiragi ne, sun ƙare da ƙarewar tallafi. Akwai kuma ɗabi'ar da masaniyar Sirilanka, Asha de Vos, ta daɗe tana suka: masana daga ƙasashe masu arziki su sauka, su ɗebi bayanai, su koma gida su buga. Wani nazari na 2021 ya gano cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na maƙalun murjani da aka yi aikinsu a Indunusiya da Filifin babu sunan ɗan ƙasa ko ɗaya a cikin marubutansu. Wannan zalunci ne, kuma yana raunana ilimin kansa, don wanda zai zauna da ruwan bayan baƙo ya tafi shi aka bari ba horo.

A Afirka

Jami'ar Darussalam ta buɗe cibiyar kimiyyar teku a Zanzibar a 1978, kuma a can ne aka kafa ƙungiyar WIOMSA a 1993, wadda ke ba matasan masanan gabashin Afirka tallafin bincike. A yammaci, Muritaniya ta keɓe gandun Banc d'Arguin a 1976, ƙasashen yankin kuma suka ƙulla Yarjejeniyar Abijan a 1981. Nijeriya, mai gaɓar kilomita 853 da dajin itatuwan ruwan gishiri mafi girma a nahiyar, ta kafa cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas a 1975, ana kuma karatun gaba da digiri a fannin a jami'o'in Legas da Kalaba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyara ɓarnar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, aikin da ke bukatar masana ƙasa da ruwa da itatuwa na tsawon rayuwar aiki guda. A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku da tattalin arzikinsa.