Motar otomatik da ba ta sauko da giya idan an take totur: inda ake neman matsalar

A kan babbar hanya ta RN1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa da Maraɗi ta wuce Damagaram, mafi yawan tafiyar layi ɗaya ne zuwa, layi ɗaya dawowa. Direban da zai wuce babbar mota dole ya shiga hannun masu tahowa na ƴan daƙiƙoƙi. A motar otomatik, abin da ke gajarta waɗannan daƙiƙoƙin shi ne kikdawun: direba ya take totur har ƙasa, akwatin giya, wato bwat a bakin makanikai, ya sauko daga giya ta huɗu zuwa ta uku ko ta biyu, juyin inji ya hau, mota ta zabura. Ranar da wannan ya ƙi faruwa, motar za ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da tirela tana jan jiki, wata kuma na tahowa daga gaba.

Masu motoci da yawa da zarar sun ga haka sai su yanke cewa bwat ta mutu. Sau da yawa ba haka ba ne. Bwat ba ta ganin ƙafar direba, saƙo ake kai mata cewa an take totur, kuma a hanyar saƙon ne aka fi samun cikas.

Yadda saƙon ke tafiya

Hanyar ta danganta da shekarun mota. A tsofaffin Toyota masu giya huɗu na shekarun 1980 da 1990, kebul ne ya taso daga bakin totur a kan inji ya shiga cikin bwat. Tsofaffin Mercedes irin su 190 da W124 suna da kebul makamancin wannan, sannan ga wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin fedal wanda ke tura lantarki zuwa bwat idan an danne shi. Motocin da suka biyo baya babu kebul sam. Fedal ɗin yana ɗauke da na'urar auna matsayinsa, wadda ake kira sensa, ita ke gaya wa kwamfutar mota iyakar inda ƙafa ta kai, kwamfuta ta haɗa wannan da gudun mota da juyin inji, sannan ta umurci ƙananan bawul masu aiki da lantarki su canza giya. A Peugeot, Volkswagen da BMW da dama akwai wani ɗan tauri a ƙarshen fedal, sai an ƙara danna ƙafa an wuce shi kikdawun ke shiga. Direban da ya saba tsayawa a bakin taurin nan yana iya shekara da mota bai taɓa kai wa gare shi ba.

Akwai kuma lokacin da ƙin saukowar ba lalacewa ba ne. Idan gudu ya riga ya yi yawa, har sauko da giya zai jefa allurar juyin inji cikin jan layi, kwamfuta za ta ƙi, domin ta kare injin. Motoci masu bwat ɗin CVT, kamar Nissan da sababbin Corolla da yawa, ba su da matakan giya na haƙora, don haka allurar takan hau ta tsaya wuri ɗaya yayin da gudu ke ƙaruwa, babu wata girgiza. Wannan lafiya ce.

Gwaji biyu kafin a je garaji

Na farko a ƙasan ƙafa yake. Tabarmar roba da aka ɗora kan ta asali, yashi da ya taru, ko kwalbar ruwa da ta gangaro, duk suna hana fedal kaiwa ƙasa. A kashe inji, a cire tabarmar, a danna a ga ko ya kai ƙarshe. Batun tabarma ba ƙarami ba ne: a 2009 kamfanin Toyota ya kira miliyoyin motoci a Amurka saboda tabarmar da ke iya riƙe fedal a danne.

Na biyu a kan hanya marar cunkoso ake yin sa, da matsakaicin gudu, kamar kilomita 50 zuwa 60 a awa. A sauko da giya da hannu, ko dai a ja sandar daga D zuwa 3, ko a danna maɓallin O/D a Toyota masu shi. Idan motar ta sauko nan take, tsaf, ta ja da ƙarfi, alama ce mai ƙarfi cewa cikin bwat lafiya yake, saƙon totur ne ba ya isa. Idan kuwa inji ya yi ihu, allura ta hau, amma gudu bai ƙaru ba, wannan santsi ne: faifan kuloci na cikin bwat ba su kamawa. Idan ta sauko amma injin ya shaƙe, ya kasa hawa, to a koma kan injin kansa, a duba filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe, filtar mai, famfon mai, buji, ko matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Alamomi uku ne daban, gyaransu ma daban, kuma wanda ya iya faɗa wa bakanike wacce ya gani ya rage wa kansa rabin kashe kuɗi.

Motoci masu kebul

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Kebul ɗin ba kikdawun kaɗai yake yi ba, shi ke daidaita ƙarfin matsin mai a cikin bwat gwargwadon yadda aka take totur. Idan ya saki, ko ya tsinke, ko an manta ba a maida shi ba bayan an yi aikin inji, motar za ta riƙa hawa giya da wuri, a sanyaye, ba ta saukowa, kuma faifan kuloci na aiki da matsin da bai ishe su ba. Mai mota yana jin daɗin laushin canjin, alhali faifan ne ke ƙonewa a hankali. Idan kebul ya yi tsauri fiye da kima, akasin haka ake gani: giya na daɗewa ba ta hau ba, in ta hau ta hau da duka. A Toyota da dama akwai ɗan ƙarfe da aka matse a jikin kebul don awo, wanda ya kamata ya leƙo daga bakin robar da milimita 0 zuwa 1, ana daidaita shi da noti biyu. Aiki ne na ƴan mintoci, amma a bi littafin samfurin motar, domin wasu ana auna su fedal na danne, wasu a sake.

A Mercedes masu maɓalli, a auna maɓallin da mita, a bi wayarsa, a duba fis, sannan bawul ɗin lantarki da ke jikin bwat.

Motoci masu kwamfuta

Yawancin motocin da aka shigo da su daga Turai da Amurka ta Kwatano da Lome suna da soket na OBD a ƙarƙashin sitiyari. Doka ta wajabta shi a Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu gazwal. Na'urar bincike da aka jona a nan tana nuna kashi nawa cikin ɗari kwamfuta ke ganin an take fedal. Idan ƙafa na ƙasa amma lambar ta tsaya rabi, ko tana tsalle, an kama ɓarawon. Da mita, irin waɗannan sensa sukan tashi daga kusan rabin bolt zuwa kusan bolt 4,5 ba tare da yankewa ba. Lambobin P0120 zuwa P0124, da P2135 da P2138, duk na totur da fedal ne. P0715 da P0720 na sensa masu auna gudun shiga da fita na bwat ne, P0750 na bawul ɗin canza giya. P0700 kuwa ba ta faɗin komai sai cewa kwamfutar bwat na da ƙorafi, a shiga a karanta. Goge lamba ba gyara ba ne, kuma kafin a sayi sabuwar sensa a duba soket ɗinta, domin ƙura, tsatsa da wayar da ɓera ya ci suna ba da lamba iri ɗaya.

Idan kwamfuta ta ga abin da bai yi mata ba, takan kulle motar a giya ɗaya don a lallaɓa zuwa garaji. Peugeot 206, 307 da 406 masu bwat ɗin AL4 sukan maƙale a giya ta uku, fitilun S da alamar ƙanƙara na ƙyaftawa, kuma galibi bawul ɗin matsin mai ne ke jawo haka. A tsofaffin Toyota fitilar O/D OFF ce ke ƙyaftawa. Mota a wannan hali ba za ta yi kikdawun ba komai ƙarfin takawa. Maɓallin fitilar birki da ya maƙale, ko direban da ke ɗora ƙafar hagu kan birki, su ma suna sa wasu sababbin motoci su rage wa totur ƙarfi.

Man bwat

Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, ga lodi ga doguwar hanya, yana saurin gajiyar da man bwat. A motoci masu sandar awo, yawanci ana duba shi inji na aiki, ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. Mai lafiya a yawancin motoci ja ne garau. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko yake da ƙyallin garin ƙarfe, shaida ce cewa ɓarnar ta shiga ciki, a nan ne maganar sauke bwat ke da hujja. Mai da ya yi ƙasa yana kawo jinkiri da santsi, sai a nemo inda yake yoyo. Dexron III, T-IV da WS ba abu ɗaya ba ne, man CVT kuma daban yake gaba ɗaya, a zuba wanda aka rubuta a kan sandar awo ko cikin littafin mota.

Kafin a samu gyara, direban da gwajin hannu ya nuna masa bwat na saukowa lafiya yana iya sauko da giya da kansa tun yana bayan babbar motar, kafin ya fita daga layinsa. Wanda motarsa ke santsi ko ta kulle a giya ɗaya, ya haƙura da wuce kowa har ya isa garaji.